Wane koto, kuma da yaushe? Amsa kan fatsa a ruwan gishiri na kusa da gaɓa

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na daɗe ina fatsa a kogi da tafki, kuma ina samu. Yanzu na koma zama kusa da teku, na sayi koton roba iri-iri, ina fita duk ranar da na samu hutu, amma sau da yawa nakan dawo hannu rabbana, alhali wasu a wurin da na tsaya suna cika bokiti. Shin koto mai rai ya fi ko na roba? Wane launi ya fi kamu? Kuma wane lokaci ya kamata in riƙa fita?"

Malam, tambayoyi uku ka jero, amma da ta ƙarshe zan fara, domin ita ce ta fi sauran nauyi, kuma a nan ne mafi yawan waɗanda suka saba da ruwan daɗi suke tuntuɓe. A kogi ruwa gefe ɗaya yake bi dare da rana, a tafki kuwa kusan a tsaye yake, don haka mai fatsa yakan saba da duba rana kaɗai, ya ce safiya ko yamma. Teku yana da nasa agogon na daban, wato cikowar ruwa da janyewarsa, kuma kifin bakin gaɓa da wannan agogon yake cin abinci. Ka ce kana fita duk ranar da ka samu hutu. Ina kyautata zaton matsalar tana nan, domin kana zaɓen lokaci da agogonka ne, waɗanda suke cika bokiti kuwa suna zaɓensa da agogon ruwa.

Jan da wata yake yi wa ruwan duniya, tare da taimakon rana, shi ke sa teku ya ciko ya kuma janye. A mafi yawan gaɓoɓi ana samun cikowa biyu da janyewa biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika ɗaya da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25. Wannan rarar ta minti 50 ita ce ke sa lokacin yake matsawa gaba kullum: idan yau ruwa ya cika da ƙarfe 7 na safe, gobe sai wajen 8 saura, bayan mako guda kuwa a wannan ƙarfe 7 ɗin za ka tarar ruwan ya kusa ƙarewa da janyewa. Shi ya sa mutum zai je wuri ranar Asabar ya yi kamu mai kyau, ya koma Asabar mai zuwa a daidai wannan lokaci da koto iri ɗaya, ya rasa ko taɓi. Kifin bai gudu ba, koton ma bai lalace ba, ruwan ne ba shi ne na makon jiya ba. Hukumomin tashoshin jiragen ruwa suna fitar da jadawalin wannan cikowa na shekara guda cur, akwai shi kuma a manhajojin waya, kuma shi ne abu na farko da ya kamata ka mallaka kafin ka ƙara sayen komai.

Abin da kifi yake so shi ne ruwa mai tafiya. Idan ruwa yana motsi yakan tono tana da ƙananan ƙaguwa daga laka, ya kwaso jatan lande daga cikin ciyawa, ya kuma rinjayi ƙananan kifaye marasa ƙarfin iyo, sai manya su laɓe a bayan dutse ko ginshiƙin gada, fuskarsu tana kallon inda ruwa yake fitowa, suna jiran abin da zai kawo musu. Da zarar ruwa ya kai ƙarshen cikarsa ko ƙarshen janyewarsa yakan tsaya na ɗan lokaci, kuma a wannan tsayuwar ci yakan mutu murus. Matuƙan jirage suna da wani ƙiyasi mai amfani a nan. Sukan raba dukkan hawan ruwan gida 12: a awa ta farko kashi 1 yake hawa, a ta biyu kashi 2, a ta uku 3, a ta huɗu 3, a ta biyar 2, a ta shida 1. Ma'ana, rabin ruwan gaba ɗaya a awa biyun tsakiya yake wucewa. A wuri mai faɗi inda ruwa ba ya da ƙarfi, waɗannan awoyin tsakiya su ne naka. A matsatsin mashiga kuwa, inda ruwan tsakiya yake gudu har dalmar da ke nutsar da koto ba ta iya zama a ƙasa, ka fi samun ci a lokacin da ruwa ya fara motsi da lokacin da ya fara lafawa.

Akan yi gardama kan cewa cikowa ta fi ko janyewa, kuma gardama ce da ba ta da amsa sai an faɗi wurin da ake nufi. Idan ruwa yana cikowa, kifi yakan bi shi ya hau filayen laka da na ciyawa da suka kasance a bushe ɗazu, ya kutsa cikin saiwoyin mangurof, itatuwan da ke tsirowa a lakar bakin teku, ya matso dab da bakin yashi, har ka ga bayansa a ruwan da bai kai gwiwa ba. A wannan lokaci jifa mai nisa asara ce, domin kana wurga koto ne bayan kifin. Idan ruwa ya fara janyewa, duk abin da ya hau dole ya sauko, kuma ta ƙananan magudanai yake saukowa, don haka bakin kowace magudana da ke zubewa cikin babban kwari ya zama wurin kwanto. Ni dai, in an ce in zaɓi awa biyu kacal a mashigar kogi, awa biyun farko na janyewa zan ɗauka, in tsaya a bakin irin wannan magudana. Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar ƙugiya: ka je wurin ranar da ruwa ya janye ƙwarai, ka zaga da ƙafa, ka ga inda rami yake, inda tudun yashi ya yanke, inda duwatsu da tarin ƙumba suke, ka riƙe su a ka. Idan ruwa ya rufe su, a nan kifi zai tsaya.

Girman cikowar ma yana canzawa da kwanan wata. A lokacin da wata ya ɓuya kafin sabo ya tsaya, da kuma lokacin da ya cika wajen daren 14 ko 15, rana da wata suna ja a kan layi ɗaya, sai ruwa ya hau fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum, kuma ƙarfin yakan kai ƙololuwa kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata kuwa cikowar takan yi rauni. Babbar cikowa tana motsa abinci sosai amma tana gurɓata ruwa, ƙaramar tana barin ruwa garau amma ci yakan yi sanyi. Sai dai ka san cewa gaɓoɓi ba ɗaya suke ba. A mashigin Fundi na ƙasar Kanada bambancin cika da janyewa yakan kai mita 16, a mafi yawan Bahar Rum kuwa bai cika kaiwa rabin mita ba, a wasu sassan mashigin tekun Meziko kuma sau ɗaya kawai ruwa yake cika a yini. Inda cikowa ba ta da ƙarfi, iska ce take karɓar aikinta, ita ke tura ruwa da abinci zuwa gaɓa ɗaya.

Bayan ruwa sai haske. Ƙananan kifaye sun fi ganin maharbinsu da tsakar rana, shi kuma babban kifi a ruwa marar zurfi yana tsoron inuwar tsuntsu da ta mutum, don haka daga asuba zuwa hantsi, da kuma daga bayan la'asar zuwa almuru, su ne lokutan da manya suke sakin jiki su shigo kusa. Ranar da ka duba jadawali ka ga ruwa zai kasance cikin tafiya a daidai fitowar rana ko faɗuwarta, wannan rana ce da ta cancanci ka nemi hutu dominta. Ranar da hadari ya rufe sama, lokacin ci yakan yi tsawo har cikin yini. Da dare kuma, fitilun gadoji da na matsayar jirage suna tara ƙananan halittun ruwa, su kuma su jawo ƙananan kifaye, manya kuwa ba sa shiga tsakiyar hasken, a bakin inuwa suke tsayawa. Ka jefa koto sama da wurin, ka bar ruwa ya gangaro da shi ya ratsa iyakar haske da duhu.

Zafin jikin kifi na ruwan da yake ciki ne, shi ya sa yanayi yake juya tsarin. A lokacin zafi ruwa marar zurfi yakan ɗume, iskar da kifi yake shaƙa a cikinsa ta ragu, sai ya koma rami ko inuwa da rana, ya ci da sassafe ko da dare. A lokacin sanyi abin yakan juye: laka mai duhu tana riƙe zafin rana, don haka ruwan da ya ciko a kanta bayan azahar yakan fi na safe ɗumi, kuma kifi ya san haka. Ruwan sama mai yawa shi ma yana da nasa tasiri. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ya fi ruwan daɗi nauyi, don haka idan kogi ya kawo ambaliya ruwan daɗin yakan malala a sama, na gishirin ya kwanta a ƙasa. A irin wannan rana ka saukar da koto ƙasa sosai, ko ka matsa kusa da bakin teku inda gishirin bai salance ba. Iska mai kaɗowa daga teku, matuƙar ba ta yi tsanani ba, abokiyar mai fatsa ce, domin tana tada ƙasa tana kuma ɓoye shi daga idon kifi.

Za ka ji wasu suna rantsuwa da na'urar auna nauyin iska, suna cewa kifi yana jin saukarta a jakar iskarsa. Gaskiya ne sau da yawa ci yakan yi kyau gab da hadari, amma ina shakkar dalilin da ake bayarwa. Sauyin hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin da ake auna nauyin iska da shi, daidai yake da nauyin ruwa santimita ɗaya, wato ko babbar guguwa ce ta sauke shi da 30, kifin da ya ɗaga jikinsa santimita 30 ya riga ya ji irin wannan sauyi, kuma yana yin haka sau ɗari a yini. Na fi ɗora abin a kan duhun gajimare da iska da motsin ruwa da suke zuwa tare da hadarin. Haka ma jadawalin nan na rana da wata, mai hasashen lokacin da kifi zai ci, da wani Ba'amurke mai suna John Alden Knight ya tsara a 1926, wanda har yau ake bugawa. Ba laifi ka duba shi, amma idan ya saɓa da jadawalin cikowar ruwa na wurinka, bi na ruwa.

Yanzu sai koto. Kafin ka buɗe jakarka, tsaya minti biyar ka duba abin da ruwan yake ciyar da kifinsa a wannan ranar. Idan ka ga ƙananan kifaye suna watsewa a sama kamar an watsa tsakuwa, ko tsuntsaye suna faɗawa ruwa, to kifi ake farauta, kuma ka lura da girmansu. Idan jatan lande ne suke tsalle a bakin ciyawa, ka san abin da za ka saka. Idan ka kama na farko kuma za ka tafi da shi, buɗe cikinsa ka gani, domin babu mai ba ka labari na gaskiya kamarsa. Girman koto ya fi komai muhimmanci a nan: kifin da yake cin 'yan ƙanana masu tsawon yatsa yakan ƙyale mai tsawon tafin hannu ko da ya gifta ta bakinsa.

Idan koto ɗaya za a ba ni in yi shekara da shi, jatan lande mai rai zan zaɓa, domin da wuya ka sami kifin gaɓa da yake ƙinsa. Aibinsa ke nan kuma, don ƙananan ɓarayi sukan tsince shi kafin babba ya iso. Wajen soka shi, ka duba kansa da kyau za ka ga wani ɗigo mai duhu a ƙarƙashin ɓawon. Kada ƙugiya ta taɓa wurin, in ta taɓa ya mutu nan take. Ka soke ta a ƙarƙashin ƙahon da ke goshinsa, gaban ɗigon, ta fita ta ɗaya gefen. In kana son jifa mai nisa, ka tsinke fiffiken wutsiyar ka shigar da ƙugiya ta nan, hakan yana hana shi juyawa a iska yana kuma sakin ƙamshinsa cikin ruwa. A kan ciyawa ko duwatsu ka rataye shi a ƙarƙashin abin shawagi yadda zai wuce dab da samansu ba tare da ya maƙale ba, a kan yashi kuwa 'yar dalma kaɗan ta isa. Kuskuren da na fi gani shi ne dalma mai nauyin da ya wuce kima, wadda take danne koto mai rai wuri ɗaya har ya zama kamar matacce.

Mai neman manya irin su barakuda da tafon da manyan sinafa, ƙaramin kifi mai rai ya fi masa. Da birgi ake kama ƙananan kifayen a bakin gaɓa da sassafe, kuma wanda aka kama a wurin ya fi wanda aka kawo daga nesa. Inda ka soka ƙugiya shi ke nuna yadda zai yi iyo. A ruwa mai gudu ka soke ta a leɓe ko a hanci domin ya fuskanci ruwan ya yi numfashi, in ba haka ba ruwa zai ja shi ta baya ya mutu da wuri. A ruwa mai sanyin tafiya ka soke ta a bayansa, kusa da ƙayar baya, amma sama da ƙashin tsakiya. Idan ruwa ya gurɓace, ko da dare, yankakken kifi mai maiƙo kamar sadin ko makarel yakan fi mai rai, domin a lokacin da hanci kifi yake nema, kuma man yana bin ruwa yana kiransa daga nesa. Sai dai ka shirya wa baƙin da ba ka gayyata ba, musamman tarwadar teku da kifin nan mai faɗi mai dafi a wutsiya, waɗanda ƙayarsu takan kwantar da mutum.

Ƙaguwa koto ce ta kifayen da suke da haƙoran murƙushe ɓawo, masu kiwo a jikin duwatsu da ginshiƙai. Mafi kyawunta ita ce wadda take gab da saɓa ko ta saɓa yanzu, jikinta da laushi, domin ƙamshinta yana da ƙarfi kuma ba ta da abin kare kai. Irin wannan ba ta zama a ƙugiya sai an ɗaure ta da zaren roba siriri. Mai tauri kuwa, cire ƙafarta ta baya ka shigar da ƙugiya ta ramin ta fito ta ɓawon. Tanar teku da ake tonowa daga laka idan ruwa ya janye tana aiki ƙwarai a bakin yashi ga masu kiwo a ƙasa, irin su kuroka. Sikwid, dabbar nan mai hannaye goma, ba ta kai waɗannan jan kifi ba a ganina, amma naman yana da yauƙi da tauri, ba ya fita a jifa, ƙananan kifaye kuma ba sa gama shi da wuri, don haka yana da kyau ka yanka shi siriri ka haɗa da wani koton mai laushi.

Koto mai rai yana son kulawa kamar kiwo. Ka sa shi a ruwan wurin da aka kamo shi, a inuwa, kada ka cunkusa su, ka sa ɗan famfon iska mai batir ko ka riƙa sauya ruwan a kai a kai. Idan za ka sanyaya, ka bar ƙanƙarar cikin gora a rufe, domin narkakken ruwanta ruwan daɗi ne, yana kashe su. Wanda aka daskarar kuma sau ɗaya ake narkar da shi, in aka maimaita sai ya ruɓe ya ƙi zama a ƙugiya, amma barbaɗa masa gishiri yana ƙara masa tauri. Ka kuma wanke hannunka daga fetur da man shafawa da maganin sauro kafin ka taɓa shi. Da irin wannan koto ina ba da shawarar ƙugiya mai zagaye, wadda bakinta ya lanƙwaso ciki. Ba a fizgarta. Idan kifi ya ɗauka sai ka bar zare ya miƙe ka fara naɗewa, ita da kanta za ta zame ta kama gefen baki maimakon ta shige ciki, kuma wanda ka saki ya fi samun rayuwa. Saboda wannan dalili ne tun 2021 aka wajabta ta a gaɓar Atlantika ta Amurka ga masu kama wani kifi mai ratsi-ratsi da koto na gaske.

To ina matsayin koton roba da ka tara? Koto na gaske yana jiran kifi ya zo, na jabu kuwa yana zuwa neman kifi. Idan ka san inda suke, ko ruwa ya yi sanyi ko ya gurɓace, na gaske ya fi. Idan ba ka san inda suke ba, ruwa yana da haske, kuma kana iya tafiya kana jifa, na jabu zai bincika maka faɗin da koto mai rai ba zai taɓa kaiwa ba, ba ya mutuwa, ƙananan ɓarayi kuma ba sa damunsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, hannunka ne ransa. Wanda ya jefa shi ya zauna kamar yadda ake yi da tana, ko ya naɗe shi da gudu iri ɗaya daga safe har yamma, bai ba shi damar yin aikinsa ba.

Daga cikin abin da ke jakarka, fara da ƙugiya mai kan dalma wadda ake saka wa jikin roba mai laushi, mai siffar ƙaramin kifi ko jatan lande, tsawon santimita 7 zuwa 12. Ita kaɗai tana iya rabin aikin gaɓa. Nauyin kan shi ne abin lura: giram 3 zuwa 4 a ruwan da bai wuce mita ɗaya ba, giram 7 a matsakaici, giram 10 zuwa 14 a zurfi ko ruwa mai gudu. Ka zaɓi mafi sauƙin da zai iya taɓa ƙasa. Ka jefa ta wajen da ruwa yake fitowa, ka bar ta ta nutse, ka ɗaga kan sanda sau ɗaya ko biyu, ka sake barin ta ta sauka, ruwa yana tafiya da ita kamar yadda yake tafiya da abinci na gaske. Koton da yake haurawa gaba da ruwa mai ƙarfi cikin sauƙi baƙon abu ne a idon kifi. Mafi yawan cizo a lokacin saukowa yake zuwa, kuma sau da yawa ba ka jin fizga, ɗan ƙwanƙwasa ne kawai, ko ka ga zare ya tsaya kafin lokacinsa, ko ya yi gefe. Saboda haka kada ka bar zaren ya yi sako-sako, idonka kuma ya tsaya a inda ya shiga ruwa.

Cokali, wato ƙarfen nan mai sheƙi da yake lilo idan ana jansa, shi ne na ranar iska da na jifa mai nisa, kuma ga masu farauta da gudu a sama ana jansa da sauri. Mai ruwan zinariya ya fi a ruwa mai launin shayi, mai ruwan azurfa a ruwa garau. Koton jabu masu tafiya a saman ruwa, ko mai kwarmin baki da yake fantsama ruwa ko mai kaɗa kai dama da hagu, na asuba ne da almuru da ranar da ruwa ya kwanta. Ba su fi kamu ba, amma sun fi daɗin kallo, kuma a nan kowa yake yin kuskure ɗaya: ruwa ya fashe sai hannu ya fizga, a zare koton daga bakin kifi. Ka jira sai ka ji nauyi a sanda. Akwai kuma masu leɓe a gaba, waɗanda suke nutsewa idan an ja su, girman leɓen ne yake nuna zurfin da za su kai. Irin waɗannan sun shahara ne ta hannun wani masuncin ƙasar Finlan, Lauri Rapala, wanda ya sassaƙa nasa na farko a 1936 bayan ya lura cewa manyan kifaye suna zaɓen wanda yake iyo a karkace daga cikin garke. Darasin nan yana nan har yau: ja, ka dakata, ka sake ja, domin a dakatawar koton yake kama da mai rauni.

Launi, wanda ka tambaya, shi ne na ƙarshe a lissafina, bayan wuri da zurfi da girma da motsi. Ruwa yana shanye launuka bi da bi, ja ne yake fara ɓacewa a cikin 'yan mitoci na farko, shuɗi ne yake kaiwa ƙasa, kuma a gurɓataccen ruwa abin ya fi haka sauri. Ban da haka kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, da yake jin girgizar ruwa da shi, don haka yakan san da koto kafin ya gan shi. Launi uku sun ishe ka: mai kama da na gaske, fari-fari ko mai ɗan haske, domin ruwa garau da rana, mai ƙyalli kamar rawaya mai ɗaukar ido domin ruwa mai laka, zai fi kyau in yana da wutsiya mai kaɗawa ko 'yan duwatsu masu ƙara a ciki, sai mai duhu domin dare, saboda kifin da yake ƙasa yana kallon sama inuwa yake gani, baƙi kuwa ya fi fitar da inuwa. Idan ka yi jifa 20 babu taɓi, fara da sauya zurfi da gudu, sannan wuri, kafin ka zargi launi.

Wani abu da yake ɓata koto mai kyau shi ne abin da aka ɗaura shi da shi. Zaren saƙa yana da kyau a matsayin babban zare domin siriri ne kuma ba ya miƙewa, amma ana ganinsa, duwatsu da ƙumba kuma suna yanke shi. Ka ƙulla masa guntun zaren gaba, rabin mita zuwa mita ɗaya, na fulorokabon, wanda ya fi lailon ɓacewa a ruwa ya kuma fi jure guga. Waya sai inda masu kaifin haƙori irin barakuda suke yanke maka zare, domin tana rage cizo a ruwa mai haske. Ka riƙa shafa zaren gaban da yatsa bayan kowane kamu, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ɗauri, ka kuma wanke ƙugiyoyi da injin naɗi da ruwan daɗi idan ka dawo, don gishiri ba ya barin ƙarfe.

A fitarka ta gaba, ga yadda zan so ka yi. Zaɓi wuri ɗaya, ka nemi ranar da ruwa zai fara janyewa wajen fitowar rana, ka isa awa guda kafin ya cika. Tafi da jatan lande mai rai a sanda ɗaya, ƙugiya mai kan dalma a ɗaya, ka bar sauran jakar a gida. Ka tambayi dokar wurin tun kafin ranar, domin gaɓoɓi da yawa suna da lasisi da iyakar girman kifi da watannin da aka hana kama wasu iri saboda ƙwai. In za ka taka tudun yashi ko duwatsu, ka san lokacin da ruwa zai juyo, domin yakan zagayo ta bayan mutum ya cike kwarin da ya ratso kafin ya ankara, kuma da ka ji tsawa ka kwantar da sanda ka bar wurin. Duk fita ka rubuta kwanan wata, matakin ruwa, iska, hasken ruwan, koton da aka ci da zurfin da aka ci shi, har da ranakun da ba ka samu komai ba. Bayan fita goma ko goma sha biyu a wuri guda, ka jera shafukan ka duba a wace awa ta cikowa ko ta janyewa kamun ya taru, sannan ka nemi wannan awar a jadawalin wata mai zuwa.